Ruwan da Ba Ya Jiƙa Riga

Akwai wani gidan kallo a Yauri, can gangare wajen bakin ruwa, rumfar kwano da bencina da janareto mai tari. Ranar da babu ƙwallo sai mai gidan ya sa fim don kada a tashi a banza. A irin wannan dare ne na zauna kusa da wani dattijo masunci, wanda ƙamshin bandar kifi bai gama barin rigarsa ba. Fim ɗin na gida ne, ba zan kama sunansa ba. An zo wurin da jarumi yake cikin kwale-kwale da mutum biyu da buhunan hatsi, hadari ya haɗo, iska ta taso, igiyar ruwa tana tashi ta fi tsayin mutum. Kiɗa ya ɗauki zafi, matan cikin fim suna salati. Ni dai na shiga cikin labarin har na riƙe bakin benci.

Sai na ji dariya a gefena. Dattijon nan ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, "Malam, duba rigarsa. Ruwan ga bai jiƙa mutum." Na duba, ai kuwa shaddar jarumin tana nan da karin gugarta. Ya ƙara da cewa, "Kuma jirgin ga bisa ruwa yake zaune kamar ƙwarya. Mutum uku da buhu shida, ai sai ruwa ya kawo nan." Ya nuna da ɗan yatsa inda bakin jirgi ya kamata ya tsaya. Kafin a gama wannan fitowa rabin rumfar ta koma gardama: wani ya ce filafilin ba ya barin alama a ruwa, wani ya ce iskar gabas take kaɗa mayafi amma igiyar daga yamma take zuwa. Babu wanda ya ƙara damuwa da ko jarumin zai tsira.

Bayan 'yan makonni, a rumfar dai, aka sa Life of Pi, fim ɗin da Ang Lee ya fitar a 2012, labarin yaron da ya tsinci kansa cikin ƙaramin jirgi a tsakiyar teku tare da damisar Indiya. Mutanen da suka yi wa wancan fim tsirara su ne suka kwana suna mamakin yadda Turawa suka horar da dabba har ta zauna jirgi ɗaya da yaro ba ta cinye shi ba. Alhali a mafi yawan fitowar damisar nan babu wata dabba a gaban kyamara. Ma'aikatan wani kamfani mai suna Rhythm & Hues ne suka gina ta cikin kwamfuta, daga ƙashi zuwa tsoka zuwa gashi, bayan sun daɗe suna nazarin damisoshi na gaske. Tekun ma wani ƙaton kududdufi ne da aka gina a birnin Taichung na Taiwan, aka sa masa injin tayar da igiya, sauran faɗin da sararin sama kuma aka ƙarasa a kwamfuta.

Gaskiya ne aikin Life of Pi ya fi na wancan fim nesa ba kusa ba, kuɗin da aka zuba ma ba ɗaya ba ne. Amma na daɗe ina tunanin cewa bambancin bai tsaya a kuɗi ba. Babu ko mutum ɗaya a rumfar nan da ya taɓa tsayawa gaban damisar Indiya. Ruwa kuwa a cikinsa aka haife su. Ido yana kama ƙarya ne gwargwadon sanin da ya yi wa gaskiyar abin, kuma wannan ita ce ƙa'idar da duk mai siddabarun fim yake aiki a ƙarƙashinta, ko yana Zoo Road a Kano ko yana Los Angeles.

Siddabaru na ce, kuma kalmar ta dace da asalin sana'ar. Georges Méliès, Bafaranshen da ake ɗauka kakan masu wannan aiki, ɗan dabo ne mai gidan wasa a Paris kafin ya riƙe kyamara. Shi da kansa ya ba da labarin cewa wata rana a 1896 yana ɗaukar hoton titi sai kyamararsa ta cije. Kafin ya gyara ta, keken dokin fasinja da ke gabansa ya wuce, keken ɗaukar gawa ya zo daidai wurin. Da ya haska hoton sai ya ga keken fasinja ya rikiɗa ya zama keken gawa cikin ƙiftawar ido. Ko labarin ya faru yadda ya faɗa ko ya ɗan sa masa gishiri, dabarar dai ta tabbata: a tsayar da kyamara, a canza abin da ke gabanta, a ci gaba da ɗauka.

Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Hausa ya san wannan dabara ko da bai taɓa jin sunan Méliès ba. Da ita aljani yake ɓacewa a gaban boka. Tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, har zamanin da kaset ya koma faifai ana dillancinsa a Ƙofar Wambai, masu shirya fim ba su rabu da ita ba, don ba ta cin ko sisi. Ɗan wasa ya tsaya ya ɗaga hannu, darakta ya ce a tsaya, ɗan wasa ya fice, a ci gaba. Edita ya haɗa, ya sa ƙarar tsawa, wani lokaci ya ƙara farin haske ko hayaƙi. Idan ka zuba ido a bayan fage za ka ga inda aka ɗinke: ganyen darbejiya ya yi tsalle, inuwar katanga ta ɗan gusa, kazar da take kiwo a dama ta bayyana a hagu ba tare da ta taka ba. Da kwamfuta ta yi araha sai aka samu ƙari: wuta tana fita daga tafin hannu, ido ya koma ja, mutum ya rabu biyu yana magana da kansa. 'Yan Kudu ma haka suka yi a fina-finai irin su Nneka the Pretty Serpent da Karishika a shekarun 1990, inda mace take rikiɗa ta zama dabba.

Abin lura shi ne ban taɓa jin gidan kallo ya yi wa ɓacewar aljani irin dariyar da aka yi wa kwale-kwalen nan ba. Kowa ya ga ɗinkin, kowa ya san kwamfuta ce, amma ba a jin an raina wa kowa hankali. Hasken nan da tsawar nan alama ce kawai, kamar yadda mai tatsuniya take buɗe baki da ga ta nan ga ta nanku, yara su gyara zama sun san an shiga duniyar da gizo yake magana. Ba wanda zai ce aljanin gaske ba haka yake ɓacewa ba. Masu sukar Kannywood da suke kafa hujja da irin waɗannan fitowa don nuna koma-baya, a ganina sun kama reshe sun bar tushe. Inda fina-finanmu suke faɗuwa shi ne inda suka kwaikwayi abin da mai kallo ya sani: jini mai kalar zoɓo, bindigar da take aman wuta amma kafaɗar mai harbi ba ta motsa ba, motar da ta kama da wuta amma fentinta bai ƙone ba, da ruwan da ba ya jiƙa riga.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda ake haɗa irin wannan fitowa, don ya gane inda take yagewa. Ana shimfiɗa koren ƙyalle a bayan ɗan wasa, a ɗauke shi yana zaune cikin kwale-kwale a kan busasshiyar ƙasa. A kwamfuta sai a umarci manhaja ta cire duk abin da yake kore, a cusa hoton kogi a gurbinsa. An zaɓi kore ne saboda ya yi nisa da launin fatar ɗan Adam, kuma idon kyamarar zamani ya fi ɗaukar kore da tsabta fiye da ja ko shuɗi. Cire ƙyallen ba wuya, yaro mai waya ma yana yi yanzu. Wuyar tana wajen sa hotuna biyu su yarda da juna. An ɗauki ɗan wasa a ɗaki da fitila a damansa, an ɗauki kogi da hantsi rana tana hagu. Koren ƙyallen ya yi naso a gefen farar riga da bakin hula, sai ka ga mutum da wani siririn zare kore ya kewaye shi. Ruwa yana mayar da haske sama, yana wasa a ƙarƙashin haɓar duk wanda yake cikin jirgi, amma fuskar ɗan wasanmu shiru. Sannan uwa uba nauyi. Abin da aka zana ba shi da nauyi sai wanda mai zanen ya tuna ya ba shi, kuma nauyi shi ne farkon abin da dattijon nan ya nema ya rasa.

Ruwa ya daɗe yana wahalar da masu fim. Kafin kwamfuta, ƙaramin jirgi ake sassaƙawa a sa a kududdufi a ɗauka kusa-kusa, amma ɗigon ruwa ba ya ƙanƙancewa don an ƙanƙanta jirgi, sai ka ga feshin da ya kai girman kan matuƙi. A 1989, a fim ɗin The Abyss na James Cameron, kamfanin Industrial Light & Magic ya shafe kusan wata shida yana haɗa wata halitta ta ruwa da ba ta wuce daƙiƙa 75 a allo ba. Yau ana kwaikwayon ruwa ne da miliyoyin ƙwayoyi, kowace kwamfuta tana lissafa inda za ta faɗa idan ta bugi 'yar'uwarta, hoto 24 a kowace daƙiƙa, shi ya sa fitowa ɗaya takan cinye kwanaki a kan injuna masu yawa. Cameron ɗin dai bai rabu da ruwa ba: Titanic a 1997, sannan Avatar: The Way of Water a 2022, kuma duka ukun sun ci kyautar Oscar ta wannan fanni.

To amma ko an kawo waɗancan injuna Yauri, akwai abin da lissafi ba zai sani ba sai an tambayi mutanen wurin. Kogin Kwara a nan cika biyu yake yi a shekara. Akwai farin ruwa, wanda yake zuwa da damina daga ruwan saman ƙasashen kusa, gurɓatacce mai ɗauke da laka, kalar kunun kanwa. Akwai baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya sauke lakarsa a can, ya iso nan cikin sanyin hunturu a tace. Tafkin madatsar Kainji kuma yana ja da baya mitoci da dama kafin wata cikar, ya bar gaɓa a buɗe ana noma a kai. Daraktan da ya nuna hazon hunturu a sama da farin ruwan damina a ƙasa ya haɗa watanni biyu da ba sa haɗuwa. A Abuja ba wanda zai kula. A Shanga ko Wara yaro ɗan shekara goma zai faɗa maka. Kuma kifewar jirgi a wannan yanki ba abin nishaɗi ba ne. A watan Mayun 2021 wani jirgi maƙare da fasinja ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. Mutanen da suka tsaya a bakin ruwa a waɗancan kwanaki ba za a nuna musu nutsewar wasa su yi shiru ba.

Akwai kuskuren da masu kallo suke yi, har da masu ilimi a cikinsu. Za ka ji mutum ya ce shi ba ya son fim mai aikin kwamfuta, ya fi son na gaske. Abin da yake nufi shi ne ba ya son wanda ya gane. Wanda bai gane ba ya shige shi, ya ma yaba masa a matsayin na gaske. A Forrest Gump na 1994, ɗan wasa Gary Sinise ya fito a sojan da aka yanke wa ƙafafu biyu. Ƙafafunsa lafiya lau, shuɗiyar safa aka sa masa aka goge su a kwamfuta. A Titanic, tururin da yake fita daga bakin mutanen da suke daskarewa cikin teku daga baya aka ɗora shi, don wurin da aka ɗauki fim ɗin a Meziko bai yi wannan sanyin ba. Jurassic Park na 1993, wanda ake yi wa kallon fim ɗin da ya buɗe ƙofar wannan zamani, dabbobin daurin da ke cikinsa ba su wuce kimanin rubu'in awa a allo ba, kuma fiye da rabin wannan lokaci manyan mutum-mutumi ne masu inji da Stan Winston da ma'aikatansa suka ƙera. Daraktan fim ɗin, Steven Spielberg, ya saka babbar fitowar ɗaya daga cikin dabbobin cikin dare da ruwan sama, inda duhu yake rufa wa ɗinki asiri. Ko Baahubali na 2015, da matasanmu suka kalla har suka haddace, gangaren ruwan da jarumi yake hawa yana da asali na gaske a Athirappilly ta jihar Kerala, kwamfuta ce ta miƙa shi har ya taɓo gajimare. Wancan kowa ya san ƙari ne, kuma an karɓa, don fim ɗin bai taɓa cewa tarihi yake bayarwa ba.

Sana'a ce mai ban tausayi ta wannan fuska: idan ka ƙware ba a ganin aikinka, idan ka yi kuskure da kai za a kwana. Kamfanin da ya gina damisar Life of Pi ya shigar da takardun karyewar arziki a Fabrairun 2013, kusan mako biyu kafin aikin nasa ya ci Oscar. Da jagoran aikin, Bill Westenhofer, ya fara ambaton halin da suke ciki a kan dandamali, sai aka tayar da kiɗa aka kashe masa makirufo. Editan da yake zaune a shago a Kano, wanda furodusa ya kawo wa aiki yau yana son a ɗora a YouTube jibi, zai gane wannan labari ba sai an yi masa fassara ba.

Ina ganin babban amfanin da wannan fasaha za ta yi wa fim ɗin Hausa yana wajen gogewa fiye da ƙarawa. Ɗauki misalin wanda yake son ya yi fim a kan zuwan Mungo Park, wanda ya biyo Kwara ya wuce ta Yauri a 1806 ya halaka a duwatsun Busa, ko zuwan Richard Lander da ƙaninsa John, da suka iso Yauri a 1830 suna neman takardunsa. Duk inda ya juya kyamara yau zai ci karo da rufin kwano, da turken waya, da eriyar sadarwa, da ledar ruwa a gaɓa, da injin a gindin jirgi, da shatin tayar babur a kan yashi. Kowanne sai an bi shi hoto bayan hoto an share, kuma idan an yi daidai babu mai kallon da zai ce madalla, don bai san an yi ba. Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙaramar kwamfuta ba, haƙuri yake ci da lokaci. Da Amina ta Izu Ojukwu ta fito a Netflix a 2021, abin da na fi jin Hausawa suna magana a kai shi ne harshe da sutura da yadda aka nuna fada, wato abubuwan da suka sani. A Aníkúlápó na Kunle Afolayan kuwa, na 2022, tsuntsuwar da take tayar da matacce aikin kwamfuta ce ƙarara, amma an gina ƙauye na gaske da ƙasa da ciyawa aka sa ta a ciki, shi ya sa ta samu wurin sauka.

Sai dai fim ɗin Park yana da matsalar da ta fi rufin kwano. Wurin da abin ya faru babu shi. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon sama da kilomita 130. Tsohuwar Busa ta nutse, duwatsun da suka karya jirgin Park suna ƙarƙashin ruwa, tsibirin Foge da gungu-gungu masu yawa sun tafi, aka tayar da mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni, cikinsu har da Gungawa da suka rayu a tsibiran nan tun kaka da kakanni. Bikin Rigata da ake yi a Yauri yana nuna tseren jirage da bajintar mutanen ruwa, amma a kan ruwan yau ake yinsa. Duk mai son ya nuna kogin jiya, mai rassa da tsibirai da gurnanin ruwa a kan dutse, ba shi da wata hanya sai kwamfuta. A nan siddabaru zai yi aikin da kyamara ba za ta iya ba, kuma a nan ne za a fi tsananta masa bincike, don har yanzu akwai tsofaffi a Yauri da Ngaski da aka haifa a waɗancan tsibirai, waɗanda suka san ta wane gefen tsamiya rana take fitowa. Shekarunsu sun ja. Wanda yake da niyyar wannan aiki, da su ya kamata ya fara zama kafin ya sayi ko da ƙyalle ɗaya.

Yanzu kuma abin ya bar gidan kallo ya shiga aljihu. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna haɗa bidiyo daga rubutu kawai, ana turawa ta WhatsApp da TikTok ba tare da an ce wasa ne ba. A zuwana na baya-bayan nan na tarar da dattijon nan a inuwa yana ɗinkin taru, jikansa ya kawo masa waya yana cewa, "Baba, ka ga giwan ruwan da aka kama, ya fi saniya." Na leƙa. Ni ban ga aibu ba: ɓawon kifin yana sheƙi, mutane huɗu suna jan sa cikin jirgi, har da feshin ruwa a kan kyamara. Tsohon ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya sa aka maimaita masa sau biyu. Ya ce duk mutum huɗun suna gefe ɗaya, kifin ma yana gefen, amma jirgin bai karkata ba. Ya miƙa wa yaron wayarsa ya ci gaba da ɗinki. Can sai yaron ya nuna masa wani bidiyon, na dusar ƙanƙara da ta binne motoci har rufi a wani gari na Turai. Wannan kam ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta, ya tambaye ni ko mutanen ciki sun fita.